Jan Tebur da Masu Aro

Shekara uku na yi ina gyaran kayen yara a kan gwiwata. Kaye shi ne littafin rubutun ɗan lakwal, wato ɗan makarantar boko, kuma aji ɗaya yakan tara maka tulin da zai kai maka ƙugu. Kullum da la'asar in shimfiɗa tabarma a gindin bango, in tanƙwashe ƙafa, in duƙa da jan alƙalami ina farautar kurakurai, har bayana ya fara ɗaukar siffar lauje. A makarantar horon malamai an koya mana cewa malami fitila ne mai haskaka karkara. Ba wanda ya gaya mana cewa a ƙasa za a ajiye fitilar.

Ƙauyen da aka tura ni yana bayan Dogarawa, tafiyar rabin wuni a amalanken jaki. Ba zan faɗi sunansa ba, don har yau ba mu shirya ba. Lakwal ɗin aji uku ce, malamai biyu da direkta. Bayan girbin wata shekara, can wajen ƙarshen shekarun tamanin, na ce wa matata zan tafi Konni in sayo tebur. Ta ce in dai ba daka za a yi a kansa ba, ita ba ruwanta.

Kafin in tafi wani abokin aiki ya yi mini gargaɗi. Katako iri biyu ke shigowa daga kudu ta bakin iyaka, fari da ja. Farin ba shi da nauyi, gara tana cin sa kamar ƙuli-ƙuli. Jan yana da nauyi da tauri, gara takan lasa ta yi gaba. Ya ce kafintoci suna shafa wa farin jan launi, su bi shi da barni, man ƙyallin nan, su jira wanda zai zo da farar riga da alƙalami a aljihu. Ya ce in tafi da makulli a hannu, in riƙa kankarar ƙarƙashin duk abin da aka nuna mini.

Kafintan da na faɗa hannunsa dattijo ne gajere, da fensir a bayan kunne da rabin yatsa guda da zarto ya bar masa. Na yi sallama, ya amsa wa katakon da yake fiƙewa. Can ya ɗago ya ce, “Mushe na ko?” Haka ake kiran malamin lakwal a wajenmu, daga Faransanci aka aro kalmar.

Na ce, “Baba, yaya aka yi ka gane?”

Ya ce, “Ku kaɗai ka duba kaya da hannuwa bisa baya, kamar an kawo muku shi ku ba shi maki.”

Ya nuna mini wani tebur mai sheƙi, kana iya gyara hula a fuskarsa. Na durƙusa, na kankare ƙarƙashinsa da makulli, sai ga fari tas kamar ɓararren rogo. Na ce, “Baba, wannan ai farin katako ne ya sha lalle.”

Ko gezau bai yi ba. Ya ce, “Ashe an yi ma karatu kahin ka zo. Wanga na masu son ƙyalli na. Taho.”

A bayan rumfar, ƙarƙashin buhunan dusar katako, akwai wani tebur mai duhun launi, ba ado, aljihu ɗaya a tsakiya. Na gwada ɗaga gefe guda, na ji kamar na ɗaga ɗan maraƙi. Na kankare, ja har ciki kamar an fasa goro. Muka yi ciniki tun hantsi har aka kira azahar. Ya zagi aikina, ya ce mu ne muke karɓar ɗiyan mutane mu mayar musu da su ba su iya noma ba, ba su iya boko ba. Na zagi zartonsa. Daga ƙarshe muka daidaita, kowa yana ganin an cuce shi, wanda shi ne alamar ciniki ya yi kyau.

Da za a ɗaure shi ya ce, “Saurara, Mushe. Kada ka jingina shi ga bango, bar taƙi guda tsakaninsu, don gara ta bango take zuwa. Kowace ƙahwa ka sa ta cikin gwangwani, ka zuba gazwal, man dizal ɗin nan. Ruwa kada shi taɓa shi. Rana haka nan. Buta mai zahi kuwa, in ka ɗora ta, kai da Allah. Tsumma da ɗigon mai, wata-wata, ya ishe shi.” Ya soke fensirinsa a kunne, ya ƙara da cewa, “Kuma kada ka ba da shi aro.”

Na yi dariya, na ce wa zai ari tebur a garin da kowa a ƙasa yake zama? Ya dube ni irin kallon da nake yi wa ɗalibin da ya ce bakwai sau takwas arba'in ne, ya ce, “Allah shi kai ka lahiya.”

A bashe muka taho, motar nan mai rufin tamfol, tebur a sama ƙafafu suna kallon Allah. Bargona na shimfiɗa a ƙarƙashin igiya don kada ta goge shi, direba yana tambayar fasinjoji ko gawar wani babba ce muka ɗauko. Daga Dogarawa amalanke ya ƙarasa da mu. Da muka shiga gari mutane suka fito ƙofar gida suna kallo, suna sa albarka, ni kuma ina amsawa da murmushi. Da na san lissafin da ake yi a bayan wannan albarkar, da cikin buhu na shigo da shi.

Watannin farko sun yi daɗi, ba zan ɓoye ba. Na samo gwangwanayen madara huɗu, na wanke, na sa ƙafafun a ciki, na zuba gazwal da na roƙa wajen mai injin niƙa. Na auna taƙi guda daga bango. Duk ran Lahadi in janye shi, in duba bayansa, in share ƙasa, in bi shi da tsumma tun daga fuska har ƙafa. Launinsa ya riƙa zurfi kamar na tsohuwar ƙwarya. Matata takan tsaya a bakin ƙofa ta ce, “Malam, ni da nake surfe da daka ban taɓa ganin an bi ni da tsumma da mai haka ba.” In ce mata ita gara ba ta cin ta. Ta ce, “Ka tabbata?”

Wanda ya fara zuwa ɗan aiken maigari ne. Masu rigakafi za su zo, suna bukatar inda za su ɗora akwatunansu. Wa zai hana maigari, a kan lafiyar yara kuma? Na bayar. Masu rigakafi suka zo, suka yi, suka tafi. Tebur bai dawo ba. Kwana huɗu ina jira, ran na biyar na je, na same shi a tsakiyar rana a ƙofar fada, an shanya barkono a kansa.

A nan na fara karatun dokar aro, wadda ba a rubuta ta ba amma ta fi duk dokar da ta fito daga Yamai ƙarfi. Farko dai ba a hana aro. Galma, tsani, jaki, babbar tukunya, duk suna yawo gida-gida, kuma da haka talaka yake rayuwa. Ban ƙi wannan ba, ni ma na ari tsani, na ari guga. Amma galma in ta dakushe maƙeri yana nan kusa, tebur kuwa in ya tsage sai dai ka yi ta kallonsa. Sannan wanda ya ara ba ya mayarwa. Mai abu ne zai bi sawu, in kuwa ya bi da wuri sai a ce ya ɗauki mutane ɓarayi. Abin da ya sami kaya a gidan aro kuma ba a tambayarsa, ƙaddara ce, ita kuwa ba a kai ta ƙara.

Daga wannan rana teburina ya fi ni sanin gari. Ya je suna, ya je ɗaurin aure, ya je awon wake, daga baya har akwatin ƙuri'a ya hau shi. Mutanen da kakanninsu suka yi suna dubu a kan tabarma sai ga shi ba sa iya raɗa wa jariri suna sai da tebur. Kowace fita da tsarabar da yake dawowa da ita: da'irar butar shayi a kusurwar dama, ɗigon kyandir, tabon manja. Wata rana na ɗauko shi daga gidan maƙwabcina mahauci, na ga sara uku a jere a gefensa. A kansa aka yi rabon rago.

Na ce, “Maƙwabci, wannan saran fa?”

Ya leƙa ya ce, “Wane? Au, wanga? Kai, Mushe, katakon naka na da ƙwari! Wallahi da ƙarhi na sara, dubi iyakar inda ta shiga. Ka iya saye.”

Yabona ya yi. Sai da na yi masa godiya, don abin da aka saba ke nan. Na koma gida na cika saran da dusar katako da ƙaro, ina zaginsa a zuci da Faransancin da ba a koya wa yara.

Duk wannan wasa ne a kan abin da ya zo a shekara ta huɗu da sayen teburin. Aka kawo mana sabon direkta, dogo, mai gilashi, wanda ko akuya zai kora daga harabar lakwal da Faransanci yake korarta. Yana kiranmu “koleg”, wato abokin aiki, kuma na lura yakan fi jan kalmar in zai cuce ka. Buro ɗinsa, wato ofishinsa, ɗan ɗakin laka ne a jikin aji, da teburin ƙarfe mai ƙafa uku, ta huɗun bulo. A makon farko ya zo gaishe ni a gida. Bai dube ni ba. Ya shafa bayan teburin da tafin hannu yadda ake shafa rago a kasuwa, ya ja aljihun, ya mayar, ya ce, “Koleg, kana da ɗanɗano.”

Ba a yi wata biyu ba aka aiko cewa ensifekta zai zo duba lakwal. Direkta ya same ni ya ce mutuncinmu duka ne a kan sikeli, ba zai yiwu babban baƙo ya sa hannu a kan bulo ba. Kwana ɗaya tak. Da maigari na iya jan ƙafa, amma wannan shi ke rubuta maki a kaina duk ƙarshen shekara. Na bayar. Ensifekta ya zo, ya zauna, ya duba takardu, ya ci kaza a kan teburin, ya tafi.

Washegari na je ɗauka, direkta ya ce yana rubuta rahoto. Mako ya zagayo, ya ce an ce mai yiwuwa baƙon ya dawo. Wata ya zagayo, ya ce, “Koleg, gaggawar mece ce? Guduwa zai yi?” Ni kuwa ina ganin abin da ake yi masa. An manna shi da bangon laka kamar za a yi masa yaɓe tare. Ƙafafu a kan ƙasa tsirara. Kowace safiya a goge shi da jiƙaƙƙen tsumma, don direkta mutum ne mai tsabta, sannan a ɗora butar shayi a inda aka goge. Na koma gida na kwaso gwangwanayena huɗu da kwalbar gazwal, na ce ko ba a ba ni shi ba a bar ni in tsare shi.

Ya ɗauki gwangwani ɗaya da yatsu biyu, ya ce, “Koleg, nan buron gwamnati ne, ba rumfar mai facin keke ba.” Ya wurga su ta taga ɗaya bayan ɗaya, yana ƙirgawa.

Na ce a raina, babban hutu yana tafe, dole a rufe lakwal, dole kowa ya kwashi nasa. Ranar rufewa na shirya da mai amalanke, muka isa da hantsi. Muka tarar da kwaɗo a ƙofar buro, direkta ya bi motar asuba zuwa Tawa da makulli a aljihu. Na leƙa ta tsagar taga, na hango shi a jikin bango cikin duhu, ga hadarin farko yana haɗuwa a gabas. Mai amalanke ya ce, “Mushe, mu ɓalle kwaɗon mana.” Na ce kayan gwamnati ne, ba a taɓawa. Ilimi ke nan, yana hana ka abin da jahili zai yi cikin minti biyu ya huta.

Wata uku na yi a gida Tajaye ina taya mahaifina noma, kuma ban taɓa tsanar damina irin ta wannan shekara ba. Duk wanda ya san gara ya san lokacinta ke nan, ƙasa ta yi laushi, ɗaki a rufe, ba mai motsi. In aka yi ruwa mutane su ce alhamdu lillahi, ni ma in ce, amma hankalina yana kan wani bango. Duk surin da na gani a gona sai na kai masa hauri, har mahaifina ya tambayi matata ko boko ya fara taɓa ni.

Da aka koma, ina tsaye direkta ya buɗe kwaɗon. Gara ta gina hanyarta ta jar ƙasa daga gindin bango, ta hau, ta tsallaka, tunda ba taƙin da zai hana ta. Na karya ginin da hannu. Ƙafafu da fuska lafiya lau, ta lasa ta bari, jan katako bai ba ni kunya ba. Na kama marikin aljihun na ja, sai fuskar aljihun ta biyo hannuna ita kaɗai, sauran ya zube ƙasa kamar dusa. Ashe tsohon kafintan da farin katako ya yi cikin aljihun, inda makulli ba ya kaiwa. Na aika masa da rabonsa na zagi daga nesa.

Ina duƙe a nan ne idona ya faɗa kan gaban teburin. An rubuta haruffa da lamba da farin fenti, manya-manya, irin waɗanda ke jikin bencinan aji.

Na ce, “Mushe Direkta, mene ne wannan?”

Ya ce, “Lamba.”

“Na ga lamba ce, ni ke koyar da lissafi. Me take yi a jikin teburina?”

Ya cire gilashi yana gogewa. Ya ce ranar da ensifekta ya zo ya ƙirga kayan lakwal, allo da benci da sauransu, ya ga teburin katako mai kyau a buro, ya rubuta shi, shi kuma ya sa hannu. “Me kake so in yi, koleg? In ce masa na aro ne, in kunyata lakwal a gaban baƙo? Abin da ya shiga takarda ya shiga.”

Na ce, “To a fitar da shi.”

“Sai in rubuta wa Konni, Konni ta rubuta wa Tawa, Tawa ta rubuta wa Yamai. Kuma da wane dalili? In ce na sa hannu a kan ƙarya?”

Shekarar nan gaba ɗaya ba mu yi magana da baki ba sai gaisuwa, ita ma rabi. Tsakanin ajina da buro taku goma sha biyu ne, amma ta wasiƙa muke hulɗa. Na rubuta masa uku da mafi kyawun Faransancin da nake da shi. Biyu bai amsa ba. Ta ukun ya dawo mini da ita ya ja jan layi a ƙarƙashin kalma guda, wai na manta wasali. Na duba ƙamus, shi ke da gaskiya, kuma wannan ya fi komai ƙona mini rai. In ya fita salla sai in shiga in janye teburin daga bango, in tsiyaya gazwal a gindin ƙafafun. In ya dawo ya mayar da shi, ya rubuto mini gargaɗi a kan wari.

Ana haka takardar canjin wurin aiki ta zo, an mayar da ni wata lakwal a wajen Illela. Na same shi na ce zan tafi da kayana. Ya ce kayana suna gidana, abin da ke buro na gwamnati ne, in kuma na fita da shi jandarma za su tare ni a hanya. Na san in aka je gaban jandarma takarda za su tambaya, shi yana da ita, ni kuwa kafintan Konni ba ya ba da takarda, zagi kawai yake bayarwa. Sai na kai ƙara wajen maigari.

Aka zauna da safe a ƙofar fada, dattawa a kan buzaye da tabarmi, direkta a tsaye da takardarsa don ba ya son wandonsa ya yi ƙura. Ya karanta da Faransanci, ya fassara, ya nuna hatimi. Maigari tsoho ne mai magana a hankali, ya saurara har ƙarshe, sannan ya juya ga jama'a ya ce, “Wa ya san teburin ga?”

Kusan kowa ya yi gyaran murya. Mahauci ya riga kowa: “Ranka shi daɗe, ni na sare rago bisa gare shi, sara ukku na nan gefen hagu, a je a duba. Daga ɗakin Mushe munka ɗauko shi.” Wani ya ce zoben butar da ke kusurwar dama nasa ne, ranar sunan ɗansa na biyu. Wani ya ce manjan na gidansu ne. Haka suka yi ta bi, kowa yana nuna ɓarnarsa da alfahari kamar wanda ya gina masallaci. Ina zaune ina jin tarihin duk abin da ya hana ni barci shekara biyar, kuma wai yau shi ne shaidata.

Maigari ya ce, “Direkta, takardarka shekararta ɗaya. Saran mahauci ya girme ta. Tebur na Mushe na.”

Direkta ya ce zai rubuta wa na sama. Maigari ya ce, “Rubuta, ai aikinka na.” Dattawa suka yi dariya, shi kuma ya naɗe takardarsa ya tafi yana magana da kansa.

Ban gama jin daɗin ba maigari ya juyo gare ni da fara'a. Ya ce, “To, Mushe, gaskiya ta hito, saura alheri. Hanya ba ta da kyau, kaya da nauyi, teburin ga kuma ya saba da mu. Ga auren ɗan ƙanena bayan girbi, ga masu rigakahi na tahe. Ka bar muna shi aro. Duk randa kake so, ka aiko.”

Dattawa suka ce madalla, magana ta yi kyau. Kowa a wurin ya san ba mai aikowa daga Illela a ba shi, ni ma na sani, sun kuma san na sani. Amsar da ake jira ita ce “ai naku ne”, kuma bakina ya saba da ita har yana iya faɗinta ba da izinina ba. In ma mutum zai hana, akwai hanyar da aka yarda da ita, wato ya sa wa hanin riga: ya ce ya riga ya yi wa wani alkawari, ko na surukinsa ne, ko ƙafa ta karye. Kowa zai gane ƙarya ce, kowa zai karɓa, a rabu da mutunci. Ina da irin waɗannan ƙarairayi guda goma a bakin harshe. Na dubi mahauci, ya riga ya fara murmushin wanda ya ga wurin sara na gaba.

Na ce, “Ranka ya daɗe, ba zan bayar ba.”

Maigari ya kara hannu a kunne ya ce, “Ka ce mi?” Ƙofa ce ya buɗe mini in gyara.

Na ce, “Na ce a'a.”

Sannan ya ce, “To. Allah shi kiyaye hanya.” Ya juya ga na kusa da shi ya fara maganar igiyar rijiya, kamar ba a taɓa haihuwar wani malami a duniya ba.

Kafin azahar duk jakunan garin sun kamu da ciwo. Na bi gida bakwai masu amalanke: wannan ƙafar jakinsa ta kumbura, wancan tayarsa ta sace, wancan ya yi wa wani alkawari. Su dai sun sa wa nasu hanin riga, ba su yi rashin tarbiyya irin tawa ba. Ran tafiya direkta ya buɗe buro ya tsaya a gefe ya harɗe hannu. Ba wanda ya zo kama mini. Ni da matata muka ɗauki teburin, ita gaba ni baya, muna yi muna saukewa, muka ratsa gari da shi har gida. Maza suna zaune a inuwa suna kallon yatsun ƙafarsu. Mahauci ne kaɗai ya ɗaga murya daga rumfarsa ya ce, “Mushe, a riƙa shi da kyau, kada ƙura ta taɓa shi!”

Na bar matata da kaya na taka zuwa wani ƙauye na gaba, na samo mai amalanke da labari bai riga ya kai masa ba. Da na dawo na tarar da ita zaune a kan ƙullin kayanta ita kaɗai. Al'ada ce in mace za ta bar gari mata su cika gidan, wannan da ƙullin kuka, waccan da daddawa, a yi kuka, a yafi juna, a raka ta bakin gari. Ko ɗaya ba ta leƙo ba, har wadda matata ta kwana uku a ɗakinta lokacin haihuwa.

Muna hango Dogarawa ta juyo gare ni. Ta ce, “Shekara takwas ina gaishe da mutane, ina zuwa barka, ina zuwa gaisuwar mutuwa. Ka rushe shi da kalma ɗaya a kan ice. Ƙarya ɗaya, Malam. Kai da ka karanta littattafai, ƙarya ɗaya ta gagare ka?”

Ni kuwa na ƙara riƙe ƙafar teburin don kada igiya ta goge ta.

A Illela na kankare farin fentin da fasasshen kwalba, kwana biyu ina yi. Fentin ya fita, inuwar lambar ta zauna, in haske ya bugo daga gefe ana iya karanta ta. Aljihun ban sake sa wani ba, don ban ga kafintan da zan yarda da cikinsa ba. Direkta ya rubuta wa na sama kamar yadda ya yi alkawari, kuma ina jin wasiƙar tana kan hanya har yanzu.

In na gamu da mutanen ƙauyen a kasuwar Konni sukan tuna da wani abu da suka manta a ɗaya layin. Bayan wasu shekaru na ji maigari ya rasu. Matata ta ce wannan kam dole ne, mutuwa ta fi gaban tebur. Ban iya zuwa da kaina ba, na samu wani direban bashe mai bin hanyar na ba shi goro da saƙon ta'aziyya, na ce ya faɗi sunana sosai a gaban dattawa. Da ya dawo na tare shi a tasha na ce me suka ce.

Ya ce, “Sun ce sun ji.”